Saniya mai ci kaɗan ta ba da nono da yawa: ana gadon wannan hali, ko zancen 'yan talla ne?

Hajiya Mai Kindirmo:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Mai kawo mana maniyyin barbara ya zo da takardar bijiman Amurka, kowane sa da lambarsa, wai adadin abincin da 'ya'yansa mata za su rage wa mai su. Mai babbar lamba ya fi tsada. Shanuna ruwa-biyu ne, Friesian na Turai da Farfaru, su fita kiwo da safe, da yamma a ba su dusa da harawa. Dusa kuwa kun san inda kuɗinta ya kai. Da gaske ana gadon ƙarancin ci? In biya ƙarin kuɗin ko in bari?

Arɗon Ruga:
Wa alaikumus salam Hajiya. Mu a daji saniyar da ba ta ci ba abin alfahari ba ce, magani ake nema mata. Wadda ta fi sunkuyar da kai ita ke kai damina da ƙafarta.

Ɗalibi a Ayilan:
Hajiya barka da yau. Lambar ba ƙarya ba ce. Amurkawa sun fara fitar da ita a watan Disamba na 2020, Ostireliya kuma ta riga su tun 2015. Sai dai ba ƙarancin ci kawai take nufi ba. Abu biyu aka haɗa a cikinta. Na farko girman jiki: 'ya'yan san da ba su cika girma ba, abincin da ke tafiya wajen riƙe jikinsu bai kai na manya ba. Na biyu shi ne abin da ake kira RFI a taƙaice, wato rarar ci. Ana lissafa abin da ya kamata saniya ta ci bisa nauyinta, da nonon da take bayarwa, da ƙiba ko ramar da take yi. Sai a auna abin da ta ci a zahiri. In ta ci ƙasa da lissafi alhali aikinta bai ragu ba, ita ce ake nema. Wani masani Ba'amurke mai suna Koch da abokan aikinsa suka kawo wannan lissafi a 1963, a kan shanun nama ma suka fara shi.

Baba Arɗo, ba mara lafiya ake nufi ba. Shanu biyu ne, nauyi ɗaya, nono ɗaya, amma ɗaya ta fi ɗaya ci.

Arɗon Ruga:
To yaro, wa ya bi su daji da sikeli ya auna ciyawar da kowace ta tsinka?

Ɗalibi a Ayilan:
Allah ya ja kwana Baba, tambayar da ta fi kowace wahala ke nan, kuma ita ta sa wannan fanni ya daɗe bai motsa ba. A gonakin bincike na Amurka da Holan shanu suna cikin rumfa, kowace da alama a kunne ko a wuya, kwamin abinci yana kan sikeli, kwamfuta tana rubuta duk lomar da ta ɗauka. A nan Ayilan da Niyu Zilan kuwa kiwo ne, shanu suna waje mafi yawan shekara a kan ciyawa. Sai aka koma bin ta bayan gida, a zahirin ma'anar maganar.

Ganyen ciyawa yana da wani kaki a jikinsa wanda ciki ba ya narkar da shi sosai, ana ce masa alken. Na ciyawa mai ƙwayar kabon 33 ne. Sai a riƙa ɗura wa saniya wani ɗan'uwansa na masana'anta mai kabon 32, awo sananne, safe da yamma har kwana 12. A kwana shida na ƙarshe ana ɗibar kashinta, ana kuma yankar samfurin ciyawar filin da take ci. Daga yadda kakin nan biyu suka fito a kashi ake gane yawan ciyawar da ta shiga cikinta. Wani masani mai suna Mayes da abokansa suka fito da dabarar a 1986, cibiyar Moorepark ta hukumar binciken noma ta Teagasc da ke Fermoy a yankin Kok ta gyara ta don shanun tatsa a 1989, har yau kuma da ita ake aiki.

Ku lura da wahalar. Duk wannan ɗawainiya awo ɗaya take bayarwa, matsakaicin cin mako guda. Ba a yi wa saniya sai 'yan lokuta a shekara, kuma a gonakin bincike kaɗai. Nono kuwa ana auna na miliyoyin shanu. Shi ya sa bayanan ci na shanun kiwo ƙalilan ne ƙwarai.

Likitan Dabbobi:
Bari in sa baki a nan. Wannan dabara tana tafiya a Ayilan ne saboda filinsu kusan ciyawa iri ɗaya ce aka shuka. Saniyar Arɗo a wuni ɗaya za ta ci gamba, ta ci kyasuwa, ta tsinci 'ya'yan gawo, ta shiga kara, ta ja ganyen bishiya. Kowane tsiro da yawan kakinsa. In ba ka san kason kowanne a cikinta ba, lissafin ya rushe tun daga tushe. Don haka kar wani ya zo zauren nan ya ce ya san rarar cin Farfaru ko Rahaji a jeji.

Hajiya Mai Kindirmo:
Dakta na ji. Amma ɗana ɗalibi bai ba ni amsa ba tukuna. Ana gado ko ba a yi?

Ɗalibi a Ayilan:
Ana yi Hajiya, amma gadon hawa-hawa ne. Idan aka dubi bambancin da ke tsakanin shanu a wani hali, ana raba shi biyu: kason da ya fito daga jini, da kason da ya fito daga kulawa, yanayi, cuta da kuskuren awo. Nauyin jiki jini yana da ƙarfi a kansa, kusan rabin bambancin. Yawan ci gaba ɗaya wajen kashi ɗaya cikin uku. Wani babban aiki da aka buga a 2014, wanda ya tattara bayanai daga ƙasashe tara, ya sami kashi 34 cikin ɗari. Rarar ci kuwa, a shanun tatsa na rumfa ba ta cika wuce kashi 15 zuwa 20 ba. A shanun kiwo na nan abin da aka samu wajen kashi goma ne ko ƙasa da haka.

Ba a ce ƙaramin kaso ba ya amfani ba. Haihuwa ma kason gadonta bai kai kashi biyar ba, amma Ayilan ta gyara ta cikin shekaru ashirin saboda bayanai suna da yawa. Matsalar rarar ci ita ce kaso ƙarami ga bayanai kaɗan, su biyun suka haɗu.

Akwai wani gwaji da nake so ku ji. Ostireliya da Niyu Zilan sun tara 'yan karsana wajen dubu biyu, 'yan wata shida zuwa tara, suka tsare su suna ba su busasshiyar ciyawa da awo. Tsakanin waɗanda suka fi tattali da waɗanda suka fi ɓarna an sami tazarar wajen kashi 20 cikin ɗari na abinci, girma kuma iri ɗaya. Murna ta kama kowa. Da suka haihu aka fara tatsa aka sake awo, tazarar tana nan amma ta tsuke, ta koma 'yan kashi kaɗan. Wato halin a maraƙi da halin a mai tatsa ba abu ɗaya ba ne gaba ɗaya. Kai, ko a saniya ɗaya, jinin da ke juya ci a makonnin farko bayan haihuwa ba shi ne duka ke juya shi a tsakiyar tatsa ba.

Ɗan Barno Mai Wadara:
Arɗo ya yi shiru. Ina jin ya tafi neman mai karanta masa kabon 33. Bafulatani da lissafi sai dai ƙidayar shanu, ita ma ba ya faɗin gaskiyar adadin.

Arɗon Ruga:
Bawana ka iso? Je ka ɗaure maruƙa, manya suna magana.

Likitan Dabbobi:
Ku bar wasan haka in faɗi abin da ya fi damuna, domin ni nake ganin ƙarshensa a gonaki. Saniya tana kai ƙololuwar nono tsakanin mako huɗu zuwa takwas da haihuwa, amma cinta ba ya kai ƙololuwa sai wajen mako goma zuwa sha huɗu. A tsakanin nan abin da take fitarwa ya fi abin da take ci, sai ta narkar da kitsen jikinta ta cike giɓin. Kilo ɗaya na jikin da ta zubar yana iya zama lita shida zuwa bakwai na nono. To ka ga in ka tsaya a lita nawa ta bayar, kwano nawa ta ci, wadda ta fi ramewa ita za ta zo ta ɗaya. Mai ita yana ta yabo. Bayan wata uku ba ta nemi sa ba, wata shida shiru, a yi barbara ta ƙi ɗauka. Nonon da ya yi murna da shi ya biya shi da ɗan maraƙin da bai samu ba.

Turawa sun faɗa wannan rami da kansu. Shekaru suna zaɓen Holstein, manyan shanunsu na tatsa, a kan nono zalla, nono yana hawa, ci bai bi shi daidai ba, haihuwa tana zubewa. Ba labarin nesa ba ne gare ka ɗalibi, can inda kake aka yi.

Ɗalibi a Ayilan:
Haka ne Dakta. A shekarun 1990 jinin Holstein na Amurka ya cika Ayilan. Tsarin nan kuwa ya dogara ne a kan kowace saniya ta haihu a farkon shekara, Fabrairu zuwa Afrilu, don buƙatarta ta yi daidai da tsirowar ciyawa. Wadda ba ta ɗauki ciki a kan lokaci ba ta fita daga tsarin. A Moorepark aka jera jinin Amurka da jinin Niyu Zilan a fili ɗaya. Na Amurka sun fi nono, musamman in an ƙara musu abincin buhu, amma sun fi rama, sun fi ƙin ɗaukar ciki. Na Niyu Zilan ƙanana ne, suna riƙe jikinsu, suna haihuwa a kan kari. A 2001 Ayilan ta sauya ma'aunin zaɓen bijimai zuwa wanda ake kira EBI, aka ba haihuwa da daɗewar saniya a garke babban kaso. Niyu Zilan tun 1996 ma'auninsu yake cire wa sa maki saboda nauyin 'ya'yansa.

Dalilin yana cikin bakin saniya. A rumfa abinci yana gabanta a yanke, a haɗe. A fili sai ta tsinka da kanta, loma-loma, wajen sau sittin a minti, awa takwas zuwa goma, ga tuƙa tana jiranta, ga kwanciya. Wuni ba ya ƙaruwa. A Amurka a 1998 masana biyu, Kolver da Muller, sun raba manyan Holstein gida biyu. Na rumfa suna cin kilo 23.4 a rana in an cire ruwan abincin, suna ba da kilo 44 na nono. Na kan ciyawa mai kyau ba su wuce kilo 19 ba, nono ya tsaya ƙasa kaɗan da kilo 30. Jini ɗaya ne, ciyawar kuma ba laifi gare ta. Ciki ne da lokaci suka yi iyaka.

Saboda haka maganar Baba Arɗo ta farko tana da gindi. A kiwo ana son saniyar da ke iya cusa ciyawa da yawa gwargwadon jikinta. Jersey a nan tana cin kusan kilo 4 a kan kowane kilo 100 na nauyinta, Holstein wajen 3.4. Shi ya sa ruwa-biyun Jersey da Friesian suka mamaye Niyu Zilan.

Arɗon Ruga:
Ashe bokonku ya zagayo ya iske mu inda muke zaune.

Likitan Dabbobi:
Kar ka yi saurin ɗaura rawani Arɗo. Ci da yawa da ake yabo a can a kan ciyawa ce da ciki ke narkar da kusan kashi 80 nata. Taka ta rani sinadarin gina jiki a cikinta yana faɗowa zuwa kashi uku ko huɗu, alhali ƙwayoyin da ke aiki a tumbi suna buƙatar wajen bakwai kafin su narkar da ita da kyau. Ciyawar sai ta zauna a ciki, saniya ta ƙoshi tana ramewa. A wannan hali abin da ke ceton Farfaru shi ne jikinta ba ya ƙona kuzari da yawa a zaune. Masana a Ostireliya sun nuna haka a kan shanu masu tozo tun shekarun 1970, littattafan awon abinci ma suna rage musu wajen kashi goma na abin riƙe jiki. Amma halin yana zuwa da kuɗinsa: in abinci ya wadata ba sa buɗe ciki su mayar da shi nono kamar na Turai. Ba ka samun biyun a kyauta.

Na Filinge:
Sallama daga Nijar. Ina biye da ku tun ɗazu. Nan kusa da mu tashar Tukunus take, inda aka yi shekaru da dama ana zaɓen shanun Azawak. Su ba su taɓa auna ciyawa ba, nono suke aunawa da haihuwa a kan makiyayar Sahel yadda take. Ni a ganina wannan ma zaɓen tattalin abinci ne, ko ba a kira shi haka ba. Bisar da ta haihu, ta ba da nono, ta ƙetare bazara, ta sake haihuwa, ai ta ci jarrabawa. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Abu ɗaya ban ji kun taɓo ba, tafiya. Namu suna yin nisa tsakanin rijiya da ciyawa.

Ɗalibi a Ayilan:
Malam na Filinge ka taɓo wuri mai kyau. Da ma'aunin kuzari da ake kira jul, ana ƙiyasta jul biyu zuwa biyu da rabi a kan kowane kilo na jiki a kowace mita a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Saniya mai kilo 300 da ta yi kilomita 10 ta ƙona kuzarin da ya kai na lita ɗaya da rabi zuwa biyu na nono. Ga wadda duka abin da ake tatsa a wurinta bai fi haka ba, ka ga ba ƙaramin abu ba ne. Mai kilo 600 kuwa ninki biyu za ta biya a kan hanya ɗaya.

Ko ba tafiya, girma yana ci. Abin riƙe jiki ba ya hawa daidai da nauyi, yana ɗan ja baya, amma duk da haka tsakanin mai kilo 600 da mai kilo 450 akwai kuzarin wajen lita uku kullum, ana tatsa ko ba a yi.

Sai dai ban yarda da kai duka ba a kan cewa zaɓen daji ya wadatar. Daji yana zaɓen wadda za ta rayu. Mai sayar da kindirmo a birni yana son wadda za ta biya kuɗin dusa. Wani lokaci hanyarsu ɗaya, wani lokaci sun rabu.

Na Filinge:
Tukunus ba daji ba ce ɗan'uwa, akwai littafi, akwai awo. Abin da nake cewa shi ne a auna abin da ake iya aunawa.

Hajiya Mai Kindirmo:
To ku dawo kaina don Allah. Takardar tana hannuna, mutumin zai dawo.

Likitan Dabbobi:
Hajiya ni ba zan biya ƙari saboda wannan lamba kaɗai ba. An samo ta ne daga Holstein zalla, cikin rumfa, a kan abincin masara da waken suya. Aikin nan na 2014 da ɗalibi ya ambata ma ya nuna alaƙar jinin ci tsakanin shanun rumfa da na kiwo tana da rauni. In tsakanin Amurka da ƙasashen kiwo irin su Ayilan ta yi rauni, ina ga ruwa-biyu a zafin bazarar Kano? Zafi kaɗai yana sa mai jinin Turai ta bar kiwo ta tsaya a inuwa tana haki. Ki dubi lambar haihuwar 'ya'yansa, da sauƙin naƙuda, da girman jiki. Kuma ki kula da yawan jinin Turai a garkenki. Aikin da aka daɗe ana yi a cibiyar binciken dabbobi ta Shika, kusa da Zariya, kan Friesian da Farfaru, da na sauran ƙasashe masu zafi, ya nuna rabi da rabi na farko su ne masu albarka. In aka haɗa ruwa-biyu da ruwa-biyu nono yakan faɗi, in aka yi ta ƙara jinin Turai kuma kaska da zafi da kuɗin abinci su taso.

Ɗalibi a Ayilan:
Dakta na bi ka, amma kar a zubar da lambar gaba ɗaya. Ɓangaren girman jiki da ke cikinta abin dogaro ne, don gadonsa yana da ƙarfi kuma yana bin jini ko'ina aka kai shi. In bijimai biyu sun yi kunnen doki a komai, kuɗinsu ɗaya, Hajiya ta ɗauki mai babbar lambar, ba ta yi asara ba. Ƙarin kuɗin ne ban ga hujjarsa ba. In kuma akwai Jersey a takardar, ni can zan fara dubawa.

Likitan Dabbobi:
Jersey kam nononta yana da mai, kindirmo zai yi kauri. Amma ka tuna mazan. Ɗan maraƙin Jersey a kara ba ya kuɗi, mahauci yana kallonsa ya wuce. A wurinmu kuɗin sa rabin ribar garke ne. Lissafin Niyu Zilan ba shi ne namu ba.

Ɗan Barno Mai Wadara:
Wannan gaskiya ne Dakta. Ba wanda zai kai wannan ɗan abin gidan biki.

Ɗalibi a Ayilan:
A nan ma rigimar ke nan, mazan ruwa-biyun Jersey sun zama abin muhawara sosai, har ta sa ake ƙara amfani da maniyyin da aka tace don a sami mata. Na bar muku wannan, kun fi ni sanin kara.

Hajiya Mai Kindirmo:
Na fahimta. Amma kun ce a lura da rama, ni kuwa ba ni da sikelin shanu. Ido kawai?

Likitan Dabbobi:
Tef ɗin tela ya isa Hajiya. A zagaya ƙirji daidai bayan ƙafafun gaba, a bayan tozo, saniya tana tsaye sosai, da safe kafin ta ci ta sha. A yi a makon haihuwa, sannan duk wata, mutum ɗaya ya riƙa yi don hannu ya zama ɗaya. Ba sai kin mayar da shi kilo ba, hawa da saukar tef ɗin kike bi. A gefensa a rubuta nonon rana ɗaya a kowane mako, da ranar da ta nemi sa, da ranar da ta haihu. Ki riƙa shafa ƙashin ƙugu da gindin wutsiya kuma, nan kitse yake fara barin jiki. Dusar yamma a daina zubawa a kwami ɗaya, kowace da kwanonta, in ba haka ba mai ƙaho ce ke cinye rabon sauran.

Arɗon Ruga:
Dakta a ce da safe kafin maraƙi ya sha, ko bayan ya sha? Namu ba sa sakin nono sai ɗan yana gaba.

Likitan Dabbobi:
Tef ɗin ba ruwansa da maraƙi. Nonon ne za ka rubuta abin da ya shiga ƙwarya, ka kuma sa wa ɗan maraƙin tef shi ma duk wata, don abin da ya sha yana jikinsa.